Ƙasar da Inuwa ta Ƙone

A bayan duwatsun yamma, inda hanyar fatake take ƙarewa, an taɓa yin wata ƙasa da wuta ta cinye har da inuwar da ke cikinta. Mutum zai tsaya a tsakiyarta da hantsi, ya duba gabansa, ya duba bayansa, ba zai ga inuwarsa ba. Tsuntsu zai gifta ta sama, amma babu abin da zai gifta a ƙasa.

Kafin wutar, wurin kurmi ne mai duhu, ana ce masa Kurmin Ba-Shiga. A gefensa akwai wani manomi mai suna Nomau, wanda ake kwatance da tsabtar gonarsa. In ya hango ciyawa ɗaya a kan kunya, ko yana cikin cin tuwo ne, sai ya tsame hannu ya je ya tuge ta. Matarsa Hakama takan yi masa dariya ta ce, "Maigida, kai ko gashi ka ga ya tsiro a kan ƙwai, sai ka nome shi."

Wata shekara, gab da faɗuwar damina, Nomau ya yi sassabe a bakin kurmin, ya tara ƙirare ya cinna musu wuta. Iska ta juya. Tartsatsi guda ya tashi ya faɗa cikin kogon wani tsohon kututture, inda aljanun kurmin suka daɗe da kulle wani ifiritu mai suna Gobarau.

Kututturen ya tsage. Gobarau ya miƙe, kansa ya wuce rimi, gashinsa hayaƙi, harsunansa jajaye suna reto har ƙasa. Ya yi hamma, ya faɗa wa kurmin. Giwaye suka riƙa fashewa kamar gyaɗa a kasko. Birai suna zubowa daga rassa a ƙone, 'ya'yansu manne a cikinsu. Rafi ya tafasa, kifaye suka taso matattu, cikinsu a sama. Da ya gama da itatuwa sai ya durƙusa ya lashe ƙasar kanta, har ya kai ga fa, shimfiɗaɗɗen dutsen da ke ƙarƙashinta. Daga nan ya bi inuwoyi yana naɗe su kamar tabarmi yana cusawa a baki. Da bai bar komai ba, sai ya yi gyatsa ya nufi gabas.

A daidai lokacin Hakama ta iso da ƙwaryar fura a hannu. Suna tsaye ita da mijinta, sai ga wata mace tana jan ciki a cikin toka. Tsawonta kamar faɗaɗɗen itace, rabin jikinta gawayi, sheƙoƙin tsuntsaye suna ci da wuta a gashinta. Uwar Kurmi ke nan.

Ta ce, "Ya kai bil'adama, wa ya kwance mini karen nan?"

Nomau ya zube ƙasa. "Ranki ya daɗe, sassabe nake ƙonawa yadda ubana ya saba yi. Iska ce ta ci amanata."

"Iska ba ta da mata. Kai kana da ita."

Ta miƙa hannu ta sunkuci Hakama, ta ja jiki da ita zuwa tsakiyar ƙonanniyar ƙasar. Nomau ya bi su da gudu, fartanya a kafaɗa, tafin ƙafarsa yana saɓulewa a kan fa mai zafi. Da ya cim musu, an riga an kafa Hakama a tsaye, dutse yana hawowa daga ƙafafunta.

"Maigida, ba na jin ƙafafuna! Zo ka karɓi furar nan kada ta..."

Dutse ya rufe bakinta.

Uwar Kurmi ta ce, "Ba za ta koma mutum ba sai ranar da inuwar tsamiya ta sauka a fuskarta, tsamiyar da hannun mutum bai shuka ba. Furar da ke hannunta ba za ta ƙare ba. Ba don tausayi na bar maka ita ba, don kada mutuwa ta yi saurin raba ka da kallo ne." Ta faɗi haka ta ruguje ta zama toka, iska ta kwashe.

Nomau ya cire malfarsa ya kare wa matarsa rana, amma rana ta ratsa malfar kamar babu ita. Ya tsaya da jikinsa a gabanta, haka nan. A ƙasar kuwa damina da rani suna bin juna da sauri kamar ana juya dutsen niƙa, sai dai jikin mutum yana jin kowacce. Ruwa zai zubo, ya gangare a kan fa, ya wuce bai bar komai ba.

Rannan da safe iska ta kawo wata irin ƙura mai ruwan kore. Da ta sauka sai ya ga tsofaffin mata ne ƙanana, kowacce ba ta kai ɗan yatsa ba, sun ɗaura zannuwa masu launin toka, haƙoransu kamar zarto. Ba su yi masa sallama ba. Suka baje a kan fa suka hau gaigayarsa, ƙurus, ƙurus, ƙurus. Wasu suka haye Hakama suka manne mata a kumatu.

Ran Nomau ya ɓaci. Ya sauke fartanya ya hau kankara. Ya kankare na jikin matarsa, ya kankare na kewayenta, da hannu ya saba sai ya bi filin gaba ɗaya kamar mai noman farko. Tsofaffin suna ihu, koren jininsu yana fantsamar masa a ƙwauri. Yana miƙewa yana duban aikinsa fes, sai ya ji ƙas! Ƙaramin yatsan Hakama ya karye ya faɗi. Daga dutsen jan jini ya tsarto, jinin mutum mai ɗumi.

Daga cikin wata tsaga wata murya ta ce, "Kai angona, haka ake tarbar amarya a garinku?"

Tsohuwa ɗaya ce ta rage, hannunta guda ya tafi. Nomau ya durƙusa. "Kaka, ku su wane ne?"

"Mu ne Gansakuka. Duk inda aka yi ɓarna mu ake fara aikowa, don ba mu da ƙyama. Dutse muke ci, mu mutu a kansa, gawarmu ta zama ƙasar farko. Ka zaci tsamiya a kan tsurar fa take tsirowa? Ga ka da gemu, amma kanka kamar na ɗan tsako. Saurara da kyau. Duk abin da ka nome a ƙasar nan, a jikin matarka ka nome shi."

Nomau ya yage gefen rigarsa ya ɗaure dungun yatsan. Ya kwance igiyar wandonsa ya ɗaure fartanyar a bayansa, inda hannu ba zai kai da sauri ba.

Tsofaffin suka sake zuwa, suka ci dutse, suka mutu, wasu suka hau kan gawarsu. Kaka Gansakuka kan zauna a gwiwar Nomau tana tsokanarsa. "Ango, ka saki wannan mai taurin kan ka riƙe ni. Ni ko ba komai ina magana." Shi kuma ya ce, "Tsohuwa, da waɗannan haƙoran? Ai sai in wayi gari babu kunne." A hankali wani baƙin gari ya taru a tsagogin fa, kaurinsa bai fi ɓawon albasa ba. Wata rana ya duba ƙarƙashin Kaka ya ga wani ɗigo baƙi kamar ƙwayar riɗi. Ya sa yatsa zai share, bai sharu ba. Inuwa ce.

Sai ga wani dila ya ratso filin a guje, jelarsa cike da mayaƙan Ƙarangiya, kowanne da garkuwa mai ƙayoyi. Suka diddiro. A bayansu rundunar Tofa ta ɓullo daga ƙarƙashin baƙin garin, dogaye sirara, masunsu tsirara. Suka afka wa tsofaffin. Ana tsire su ana ɗagawa sama, ana tattake su, ana binne su da rai. Nomau ya kai hannu baya yana kokawa da ƙullin igiya.

Kaka Gansakuka tana kwance da mashi a ciki, ta ce, "Sake ta, ja'iri."

"Kaka, kashe ku suke yi!"

"To wa ka zaci muke yi wa shimfiɗa tun da muka zo? Sauke hannunka, angona. Ka dai riƙa tunawa da wadda ta fara aurenka a nan." Tofa suka rufe ta.

Sarkin yaƙin Tofa ya tako gaban Nomau, ya dube shi sama da ƙasa. "Ashe kai ne Nomau. A gonarka ka gama da dangin uwata da na ubana. Ga mu, ga ka, ga fartanya. Bismillah."

Nomau ya ce, "Sarkin yaƙi, ƙasar taku ce."

Suka yi dariya har masunsu suna karo. Daga ranar, duk inda ya taka sai mashi ya huda masa ƙafa. Ƙarangiya suka cika masa gemu da hammata. Amma ba wannan ne ya fi ci masa rai ba. Ciyawa ce ta kai wa matarsa har ƙirji, yana tsaye yana kallo, shi Nomau. Hannunsa na dama kan tashi da kansa ya nufi fartanya, sai ya kama shi da haƙori ya gartsa har jini ya cika masa baki. Da rani rundunar takan bushe ta zube, da damina 'ya'yansu su taso a kan gawar iyayensu. Ƙasa ta yi kauri har ƙafa tana nutsewa. Tsutsotsin ƙasa suka shigo, gara ta gina suri a gefen Hakama. Inuwar Nomau ta dawo, amma iyakarta gwiwa.

Bayansu Tumfafiya ta zo da kumburarrun kumatu, tana tofa farin dafi a idon duk wanda ya matso. Sabara da Geza suka biyo ta suka kafa sansani. Sannan ƙasa ta yi girgiza, Sarauniya Sarƙaƙiya ta iso da dakarun Farar Ƙaya. Hannuwanta ba su ƙirguwa, kowanne da farata masu lanƙwasa. Ba da sara suke yaƙi ba. Sukan buɗe hannuwa a saman Tofa su tare musu rana, su tsaya suna kallo har numfashinsu ya ɗauke.

Sarkin yaƙin Tofa ya rarrafo, jikinsa ya yi rawaya. "Nomau, ka sare su! Kai manomi ne, ka san ƙaya ba abin bari ba ce."

"Da ka tsire Kaka ban sare ka ba. Ba zan sare su ba."

Sauran Tofa suka ja da baya zuwa gefen ƙasar, inda rana take. Sarƙaƙiya kuwa ta zagaye Hakama da surin, ta yi musu katanga. Nomau ya zo shan fura ya tarar babu hanya.

"Allah ya ja zamanin sarauniya, abincina yana ciki."

"Shiga mana, ɗan Adam. Ban hana ka ba. Amma ni ba a wuce ni a fita da nama cikakke."

Ya kwanta ya kutsa. Faratan suka yage masa baya, suka tsinke masa kunne. A wata shigar, ƙaya ta cire masa idon hagu, ya fito yana riƙe da ramin da tafin hannu. Ya zauna ya tsine wa Sarƙaƙiya da duk zuriyarta, amma bai kwance igiyar ba.

Wani hantsi sai ga wani jan biri mai ƙonannen kunne ya zo ta kan rassan ƙaya. Ya zauna a kan surin, ya dubi Nomau kamar ya san shi, ya yi kashi, ya sosa ciki ya tafi. Da ruwa ya zuba, wani ɗan tsiro ya fito daga kashin, ganyensa ƙanana a jere biyu-biyu. Nomau ya gane shi, tsamiya ce. Ya cusa hannuwansa a hammata don kada su taɓa.

Ƙanshin sabon ganye ya jawo garken bareyi masu jajayen idanu. Suka taho a guje za su cinye tsiron. Sarƙaƙiya ta buɗe hannuwa. Na gaba suka tsire kansu a kan Farar Ƙaya, na baya suka hau kansu, hanji yana rataye a rassa, jini yana gangarawa gindin surin. Ko ɗaya bai kai ga tsiron ba. Sarauniyar ta lashe faratanta ta ce, "Mai ido ɗaya, har yanzu kana tsine mini?"

Nomau ya ce, "Na janye, ranki ya daɗe. Ga ɗaya idon ma in kina so."

Tsamiya ta kai tsawon mutum, gemun Nomau ya yi fari fat, bayansa ya ranƙwafa. Sai wani rani mai tsanani ya zo, ciyawar gefe ta bushe ƙayau. Da azahar gabas ta yi ja. Gobarau ne ya jiyo ƙanshin abinci.

Nomau ya san maganin wutar daji tun yana yaro: a nome fili fes a kewaye, wuta ta iso ta rasa abin takawa. Amma kowane sara a jikin Hakama zai sauka. Ya tsaya da igiyar a hannu, hayaƙi yana matsowa.

Daga cikin busasshiyar ciyawa wata murya ta ce, "Nomau." Sarkin yaƙin Tofa ne, ya tsufa shi ma, mashinsa ya karye. "Nome mu. Mu muka ba ka. In karen nan ya lashe ƙasa, kakanninmu ya lashe, har da tsohuwarka."

"Sarkin yaƙi, matata fa?"

"Dokar ƙasar nan ba ta tashi. Abin da aka sara, sai jiki ya ɗauka. Amma wanda aka ba shi izini, shi yake zaɓar jikin."

Nomau ya ce, "Nawa."

Ya tsinke igiyar. Saran farko, cinyarsa ta tsage. Na biyu, kafaɗa. Ya sunkuya ya ci gaba, yana zagaye katangar ƙaya, yana kankare ƙasa fes yadda bai taɓa yi wa gonarsa ba, Tofa suna miƙo wuya suna faɗuwa. Jini ya jiƙe ƙotar har tana zame masa. Yana haɗe bakin da'irar, Gobarau ya iso.

"Kai ne mai buɗe mini ƙofa! Matsa, tsoho, in yi maka godiya a kan wancan ɗanyen itacen."

"Ga hanya nan, ifiritu. Tako."

Gobarau ya ɗaga ƙafa ya sauke a kan tsurar ƙasa, ƙafar ta mutu nan take. Ya yi ruri, ya miƙo harshe ta sama zai kamo reshen ƙaya. Nomau ya daka tsalle ya sare harshen, ya faɗi yana mutsu-mutsu. Ya miƙo wani, aka sare. Gemun Nomau ya kama da wuta, fatar hannunsa ta saɓule, bai ja da baya ba. Ifiritun ya koma ya cinye ciyawar waje cikin fushi, da sauri, bai ko tsaya lasar ƙasa ba. Da ta ƙare sai ya fara ramewa. Ya koma kamar bukka, ya koma kamar tulu, ya koma garwashi guda yana ƙifta ido a bakin da'irar.

"Ɗan Adam, ka ba ni ko kara ɗaya."

Nomau ya kutsa cikin ƙaya, ya guntsi fura daga ƙwaryar Hakama, ya dawo ya fesa masa. Ya yi cuuu, ya mutu.

Wannan karon ba a jira tsofaffi masu cin dutse ba, don ƙasa tana nan, saiwoyi suna cikinta. Ruwan farko yana sauka, 'ya'yan Tofa suka huda toka kore shar, kututturan Sabara suka yi toho. Tsamiya kuwa ta yi ta hawa har ta wuce kan Sarƙaƙiya, ta buɗe rassa, ta yi wa sarauniyar abin da ita ta yi wa Tofa. Hannuwan Sarƙaƙiya suka bushe ɗaya bayan ɗaya suka karairaye. Kanya da kaɗanya da marke suka taso nan da can, tsuntsaye suka dawo da surutunsu.

Inuwar tsamiya ta taɓa ƙafar Hakama, wata shekarar ta kai ƙugu, wata ta kai wuya. Nomau yana zaune a gefe, ba ya iya miƙewa sai da ƙotar fartanya. Wata la'asar iska ta ɗan kaɗa reshe, inuwa ta sauka a fuskarta. Dutse ya zube kamar ɓawon ƙwai.

"...zube!" in ji Hakama. Ta yi ajiyar zuciya, ta duba kewaye. Tana nan yadda take ranar da ta kawo fura. Ta ga wani tsoho mai ido ɗaya, jikinsa duk tabo, sai ta rusuna.

"Sannu, Baba. Don Allah ba ka ga maigidana ba? Nomau, wani dogo mai fartanya."



Ta dubi ciyawar da ta kai mata gwiwa ta girgiza kai. "A'a, lalle bai biyo ta nan ba. Da ya biyo, da wannan ba ta kwana ba." Ta ajiye ƙwaryar, ta sunkuya za ta tuge wata tofa da ke gabanta.

Tsohon ya yi wuf ya kama wuyan hannunta. Ta dubi hannunta ta ga babu ƙaramin yatsa, an ɗaure dungun da wani tsumma da ta san saƙarsa. Ta dubi nasa hannun, duk shaidar haƙori.

Ya ce, "Bar ta, Hakama. Yanzu ko gashi na ga ya tsiro a kan ƙwai, barinsa nake yi."

Ta daɗe tana kallon idon nan guda. Sannan ta durƙusa, ta ɗauko ƙwaryar da hannu biyu ta kai masa baki. Ɗan abin da ya rage ne a gindinta, ya shanye, ƙwaryar ta bushe.

"Maigida, tashi mu je gida."

Ta rataya fartanyar a kafaɗarta, ta sa hannunsa a wuyanta. Suka fito daga ƙarƙashin tsamiya suka nufi gabas a hankali, suna kauce wa ƙananan tsirrai. Rana tana bayansu, inuwoyi biyu suna tafe a gabansu a kan ciyawa, ɗaya a miƙe, ɗaya a ranƙwafe.